Makarantun da ke Duba Aljihun Uba, ba Asalinsa ba

Jawabin da sakataren kwamitin ilimi ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai, Sabo, Ibadan



An umurce ni da in yi bayani a kan inda yaro mai ƙoƙari zai nufa idan ya gama sakandare alhali gidansu babu hali. Kafin in shiga, ya kamata mu tuna inda gizo ke saƙar a wajenmu mu mazauna kudu. Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo. A cikin zauren nan akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu. Amma ran da yaro ya je neman tallafin karatu na jiha, abin da za a fara tambayarsa shi ne takardar indijin. Jihar da aka haife shi ta ce shi baƙo ne. Ya tafi Kano ko Katsina ko Sakkwato, can kuma a ce ya kawo mai unguwar da ya san ubansa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, kuma tun 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake cajin "baƙi" kuɗin makaranta fiye da 'yan jiha, ana kuma hana su sukolashif. Wannan fafutuka tana nan, ba mu bar ta ba. To amma yaron da ya rubuta WAEC bana ba zai jira a gyara doka ba. Don haka maganata a yau a kan tallafin da ba ya tambayar garin kakanka take, wanda ke tambayar abu biyu kawai: me ka iya, kuma nawa gidanku ke samu.

Inda wannan tsari ya fi ƙarfi a duniya shi ne Amurka, don haka a can zan fi daɗewa, ko da yake akwai wata babbar matsala da zan zo kanta.

Abu na farko da ke korar iyaye shi ne farashin da ake rubutawa. Manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard kuɗin shekara guda, da kwana da abinci, ya haura dala 80,000. Wanda ya ji wannan sai ya rufe littafi. Alhali wannan farashi na masu kuɗi ne. Makarantun nan suna da dukiyar wakafi mai yawa da tsofaffin ɗalibai suka tara musu, kuma daga ribarta suke biya wa marasa hali. Yadda ake yi shi ne, makaranta za ta lissafa abin da karatun shekara zai ci, ta lissafa abin da gidanku zai iya bayarwa, sai ta cike giɓin. Harvard ta sanar cewa daga zangon 2025 gidan da samunsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba zai biya komai ba. MIT ma ta tsayar da wannan adadi a shekarar. Princeton kuwa tun 2001 ta daina saka bashi a cikin tallafinta, kyauta take bayarwa. Ku auna da samun gidajenmu. Ko dillalin shanu da ake ganin ya yi ƙarfi a kara, yana ƙasa da wannan layi nesa ba kusa ba.

Sai dai makarantun ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne mutane ke ɓata kuɗin fom a banza. Akwai tambaya biyu da za a yi wa kowace makaranta. Ta farko: lokacin da take zaɓen ɗalibai, tana duba cewa yaron na neman tallafi, ko kuwa ido rufe take ɗauka? Ta biyu: idan ta ɗauke shi, tana cike giɓin duka ko rabi take bayarwa? Kuma kowace tambaya a ƙara mata da cewa: har da ɗalibin ƙasar waje? Domin da yawa suna yi wa 'yan Amurka wannan alheri, amma baƙo ba ya ciki. Waɗanda ke yin duka biyun ga baƙi 'yan kaɗan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a kai, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, sannan Brown da Notre Dame suka fara da ɗaliban 2025. Shiga waɗannan kuwa ba wasa ba ne. A 2024 Harvard ba ta ɗauki ko mutum 4 cikin 100 na masu nema ba. Wanda ya tara ƙwansa duka a kwandon nan, wataƙila ya tashi a tutar babu.

A ganina, hankali ya fi karkata ga rukuni na biyu, wato ƙananan kwalejojin da ke duba buƙatar yaro kafin su ɗauka, amma in sun ɗauka sai su biya duka. Sunayensu ba su shahara a nan ba, shi ya sa ba a cika rububinsu ba. Akwai hanyar gane su ba tare da dillali ba. Yawancin makarantun Amurka suna buga wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. A sashenta na H6 za ka ga ɗaliban ƙasashen waje nawa aka ba tallafi, da matsakaicin abin da kowa ya samu. In ka ga an ba mutum 150 kuma kuɗin ya kusan kai farashin shekara, wannan gida ne na karamci. In ka ga mutum 6 ne, kowa dala 10,000, wuce gaba. Akwai kuma Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky, wadda tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, kuma 'ya'yan marasa hali kaɗai take ɗauka. Kowane ɗalibi yana yi mata aiki aƙalla awa 10 a mako. Kiristoci ne suka kafa ta a 1855, amma tana ɗaukar mabiya kowane addini. Guraben baƙi dai kaɗan ne.

Yanzu batun takardu, wanda ya shafe ku iyaye kai tsaye. Fom ɗin gwamnatin Amurka mai suna FAFSA da tallafin Pell na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama, ba namu ba ne. Namu shi ne CSS Profile, ko wani fom da makarantar za ta bayar da kanta. Zai tambayi samun gida na shekara, kadarori, da yawan bakin da ake ciyarwa. Mafi yawanmu ba ma'aikatan albashi ba ne. Mai goro, mai canji, mai suya, direban tirela, babu mai takardar albashi. Wannan ba ya hana komai. Ana karɓar bayanin asusun banki da wasiƙar da ke bayyana sana'a da abin da take kawowa. Kuma akwai gurbi a fom ɗin na bayanin halin da gida ke ciki. In mata biyu ne da yara goma sha huɗu da tsohuwa da marayun ƙani, a rubuta haka. Na san al'adarmu ta rufin asiri, babba ba ya son yaro ya san abin da ke aljihunsa. Alhaji, a wannan wuri kunya asara ce. Haka kuma kada a rage ko a ƙara, don ƙarya in ta fito ana janye gurbin baki ɗaya. Kuɗin fom kuma ana yafewa ga wanda ya nema ta Common App. Suna karɓar sakamakon WAEC, amma MIT tun 2022, Harvard da Brown da Dartmouth kuma tun sanarwar 2024, sun dawo da tilasta jarrabawar SAT ko ACT. Ana rufe karɓar takardu wajen 1 ga Nuwamba ga masu sammako, sauran kuma farkon Janairu.

Ga matsalar da na ce zan zo kanta. A watan Disamba 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan sanarwar da ta saka Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba 'yan ƙasarsu wasu nau'o'in biza, har da ta karatu, daga 1 ga Janairu 2026. Makaranta na iya ba yaro gurbi da kuɗi, amma ba ita ke ba da biza ba. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tambayi ofishin EducationUSA na Legas ko Abuja halin da ake ciki a ranar, shawararsu ta farko kyauta ce. A kuma rubuta wa makarantar a ji ko za ta ajiye wa yaro gurbinsa zuwa wata shekara. Duk wanda ya zo unguwar nan ya ce a ba shi kuɗi zai fito da biza ta bayan fage, ɗan damfara ne, a kai sunansa ga kwamiti.

Wannan ya sa dole a buɗe ido ga wasu wurare. Gidauniyar Mastercard tun 2012 take ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka marasa hali, kuɗin makaranta da kwana da abinci da littattafai, kuma ta hannun jami'o'in da take hulɗa da su ake nema, ba ta hannun wani wakili ba. Daga cikinsu akwai Ashesi da KNUST a Ghana, Makerere a Uganda, da Cape Town a Afirka ta Kudu. Ashesi, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, tana Berekuso kusa da Accra, kuma ita ma da kanta tana ba da tallafi gwargwadon buƙata. Ɗan Nijeriya ba ya neman biza don shiga Ghana. Ga uwar da ke tsoron nisa, musamman mai 'ya mace, mota na zuwa daga Legas, kuma da yawanmu ba mu rasa dangi a Nima ko zangon Kumasi ba.

A gida kuwa, tun 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista. A Afrilu 2024 aka sa hannu a kan sabuwar dokar bashin ɗalibai, hukumar NELFUND ta buɗe karɓar nema a watan Mayu. Wannan bashi ne, ba kyauta ba, amma babu kuɗin ruwa a cikinsa kuma ba a neman mai tsaya wa mutum. Ana tura kuɗin rajista ga makaranta kai tsaye, ɗalibi kuma ya samu naira 20,000 a wata. Sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 na samunsa. Abin da ake nema shi ne lambar NIN da BVN da ta JAMB da shaidar samun gurbi a makarantar gwamnati. Ba a rataya shi a kan jihar asali ba.

Duk da haka kada a yi sakaci da takardar indijin ta arewa ga wanda zai iya samu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye, 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, kuma yawancin jihohin arewa suna cikin wannan kashi 20. Yaron Sabo mai takardar Jigawa ko Zamfara yana da ƙofar shiga Jami'ar Ibadan da sau da yawa bai san da ita ba. Muna roƙon mai girma Sarki da ya taimaka da wasiƙun shaida zuwa ƙananan hukumomi ga yaran da iyayensu suka rasu ko suka daɗe ba su je gida ba.

Duk mai yaro ko yarinya a aji biyu ko aji uku na babbar sakandare, ya kawo sunansa da sakamakon zangon da ya wuce ga kwamiti bayan an tashi. A tabbatar sunan da ke kan takardar haihuwa, da NIN, da rajistar WAEC iri ɗaya ne harafi da harafi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can ya isa ya tsayar da fom wata da watanni.