Maginin Yana Ƙofar Gida, Mu Muna Cigiyarsa a Legas

'Yan uwa masu sauraro, da ku da kuke karanta rubutun shirin a wannan shafi saboda data ba ta kai a saurari murya ba, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga Talata Mafara nake magana, kuma ba ni da baƙo. Ni ne baƙon, don akwai wata wauta da munka tafka wadda nake son in tona da bakina kafin wani ya maimaita ta.

Wajen shekara biyu da suka wuce, mu 'yan wata ƙaramar ƙungiyar matasa munka yanke shawarar buɗe shafin intanet. Dalilinmu mai kyau ne. Duk wanda ya san yankin nan ya san Bakolori. Madatsar ruwa ce a kan gulbin Sakkwato kusa da Maradun, an gama ta a 1978, kuma an tsara ta ne don ta shayar da kimanin hekta 23,000 na noman rani. Ruwan nan shi ya ɗaure Maradun da Mafara da Bakura da igiya ɗaya. Shinkafa, tumatir, albasa, dankalin Hausa, duk ana yi. Amma manomi ya sha wahala ya noma, sai ya zauna jiran dillali ya zo ya sa masa farashi. Sai munka ce bari mu yi shafi da ɗan kasuwa a Kano ko Ibadan zai buɗe ya ga me ake da shi, a wane gari, a wane wata.

Munka yi karo-karo, munka haɗa naira dubu 180. Wallahi akwai wanda kuɗin cefanen gidansu ya rage ya kawo. Sai munka shiga Facebook neman wanda zai gina mana. Ko sau ɗaya ba mu tsaya mun ce akwai mai yi a Mafara ba. A kanmu, irin wannan aiki sai Legas, sai Abuja. Munka samu wani mai talla da hotuna masu sheƙi, Turancinsa kamar ruwa, munka tura masa kuɗi gaba ɗaya.

Gaskiya ya yi shafin, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da na buɗe, hoton farko wani Bature ne da hular kaboyi a kan katafaren tarakta. Rubutun Hausar da munka aika, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ya koma ɗan akwati. Kuma shafin ya yi nauyi, idan kana Bakura sai ka buɗe shi ka je ka yi alwala ka dawo bai gama fitowa ba. Munka daure. Munka hau babura muna bi ƙauye-ƙauye, inda hanya ta yarda a bi, muna rubuta amfanin gona muna sakawa.

Da shekara ta zagayo, wata safiya shafin ya ɓace ɗif. Na kira lambarsa, ba ta shiga. Ashe sunan shafin ma da sunansa ya yi rajista, kalmar sirri tana hannunsa, wurin ajiya yana hannunsa. Mu abin da munka mallaka shi ne rasit ɗin tura kuɗi. Aikin wata da watanni ya bi ruwa. Abin da ya fi mini ciwo shi ne wani dattijo manomi da ya tare ni ranar kasuwa ya ce, "Ɗana, ina labarin abin nan da kuka rubuta sunana?" Na rasa bakin magana.

Bayan kamar wata biyu na shiga wani shagon buga takardu kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ina son a gurza mini wata takarda. Yaron da ke wajen yana ta danne-danne a wata tsohuwar kwamfutar cinya, allon baƙi, rubutu kala-kala. Na ce masa wannan fa? Ya ce shafin wata makaranta yake gyarawa, ta Kano. Na ce kai ka gina? Ya ce eh, wannan ne na huɗu. Da na ba shi labarinmu sai ya yi dariya ya ce, "Babban yaya, da kun tambaya ai da ba a kai nan ba." Shagonsa da inda muke taronmu bai kai tafiyar minti goma a ƙafa ba.

To wannan ne ya sa na zauna yau. Zan kasa maganar gida uku: me ya sa ɗan gida, ina za a same shi, da yadda za a yi aiki da shi ba tare da an ɓata zumunci ba.

Na farko, me ya sa ɗan gida? Kar wani ya ɗauka ƙabilanci nake yi. Akwai ƙwararru masu amana a Legas, ai can ne aka gina Paystack da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020. Magana ce ta wanda ya san inda takalmi ke matsa mu. Ku tuna Satumban 2021, lokacin da anka yanke sabis ɗin waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota su yi doguwar tafiya don kawai su kira waya ko su tura kuɗi. Wanda ya rayu cikin wannan, in zai gina maka shafi, ba sai ka ce masa ya rage nauyin hoto ba. Ya san yawancin masu buɗewa da ƙaramar Android za su buɗe, da data ta naira ɗari biyu, ga batir na kuka. Ya san dole a ajiye kwafin komai a wani wuri. Ya san ƙ daban, k daban, don "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne.

Sannan akwai maganar tsaro, kuma ita ce ta fi nauyi. Mu da farko mun so mu sa sunan manomi, lambar wayarsa, ƙauyensa da yawan buhunan da ya samu, kowa ya gani. Yaron nan ne ya taka mana birki. Ya ce, "Yaya, a Maradun za ka rubuta wane yana da buhu ɗari, ga lambarsa, ga garinsu? Wa kake yi wa aiki?" Jikina ya yi sanyi. Wanda ke zaune a Lekki ba lallai wannan tunani ya zo masa ba. Kuma ku sani akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023, ba a kwashe bayanan mutum a baza ba da izininsa ba.

Abu na ƙarshe a wannan gaɓa: ɗan gida yana da gida. Ka san unguwarsu, ka san masallacin da yake salla, ka san wanda za ka kai wa ƙara in abu ya rikice. Wannan ya fi kowane tambarin kamfani.

Na biyu, ina za a same su? Ku fara da makarantunmu. Mafara kaɗai tana da Kwalejin Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kauran Namoda. Ka je sashen kwamfuta, ka gai da malami cikin ladabi, ka ce, "Malam, cikin ɗalibanka wa ke iya gina abu da hannunsa?" Malamai sun san su, sau da yawa ba su ne ke zama a kujerar gaba ba. Akwai kuma 'yan SIWES da ke yawon neman wurin sanin makamar aiki, suna ƙarewa da ɗaukar fayil a ofis. Ka ba su aiki na gaske, ka ga abin mamaki.

Sai shagunan buga takardu da wuraren rajistar JAMB da teburan masu gyaran waya. Sai masu yi wa ƙasa hidima da aka turo garuruwanmu, wasunsu kimiyyar kwamfuta suka karanta. Sai waɗanda suka shiga shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha. 'Yan Zamfara sun shiga, ku tambaya a zaurukan WhatsApp za ku ji su. Jiha ma yanzu tana da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ZITDA, a Gusau, ku riƙa bibiyar sanarwarta.

Kuma don Allah kar a manta da mata. Akwai 'yan mata da matan aure da ke koyon zane da rubuta manhaja a cikin gida, ba za ka gan su a shago ko majalisa ba. Ku sa 'yan uwanku mata su yi cigiya a zaurukansu. Wadda ta zana fuskar sabon shafinmu 'yar Bakura ce, kuma duk aikin ta waya munka yi shi, da sanin gidansu.

Na uku, yadda za a yi aiki tare. Ku ɗauki biro.

Ɗaya, ka san wa kake nema. Mai zana shafi daban, mai gina shi daban, kamar mai zanen gida ne da birkila. Mai zane shi ke tsara inda maɓalli zai zauna, wane launi, wane girman rubutu. Magini shi ke rubuta abin da zai sa in ka danna ya yi aiki. Wani ya iya duka biyun, amma ka tambaya. Kuma ƙaramin shafi ba ya bukatar a fara daga tushe. WordPress kaɗai yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya.

Biyu, kar ka tambayi takardar shaida, ka ce ya nuna maka aiki. Shafi biyu ko uku da ya yi, ka buɗe a wayarka, a garinku, da sabis ɗinku. In da hali ka kira mai shafin ka ji yadda suka rabu.

Uku, sunan shafi da sunanka. Wannan ita ce ramin da munka faɗa. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, haka ma wurin ajiyarsa. A yi rajista da imel ɗin ƙungiya ko naka, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu amintattu, a rubuta ranar sabuntawa a bango. In mai ƙarewa da .ng kake so, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma da naira za ka biya.

Huɗu, a rubuta yarjejeniya, ko da a takardar littafin makaranta ce, ko da ƙaninka ne. Me za a gina, yaushe za a gama, nawa ne, gyara sau nawa, wa zai kula bayan an gama. A kawo shaidu biyu. Addininmu ma ya koya mana rubuta bashi, to mene ne abin kunya?

Biyar, a biya kashi-kashi: wani a farko, wani in an ga rabin aiki, ciko ranar da ya miƙa komai ya kuma koya wa mutum ɗaya cikinku yadda ake saka labari.

Shida, kuma nan zan taɓa mu. A daina cewa, "Ai kai namu ne, yi mana saboda Allah." Wallahi wannan kalma ita ke korar yaranmu zuwa Kaduna da Abuja. Baƙo mun tura masa dubu 180 ba mu nemi ragi ba, ɗan gida kuma muna son ya yi a kan "Allah ya saka". Data kuɗi ce, cajin kwamfuta a inda babu wuta kuɗi ne, daren da ya raba yana gyara abu ma kuɗi ne. In ba ku da kuɗi ku faɗa masa gaskiya, ku yi wata musayar: a sa sunansa a ƙasan shafi, a kai shi wajen masu makarantu da masu kemis da masu injin casar shinkafa a ce ga wanda ya yi mana.

Ku ma magina, ba zan ƙyale ku ba. Kuna ɓoye kamar kuɗin tsohuwa. Ka iya abu amma ba wanda ya sani, shafinka na Facebook duk hoton ƙwallo. Ku buɗe GitHub, ku ɗora ayyukanku, ku yi bayani da Hausa. Ku riƙa ɗaga waya. In kun ce Laraba, ya zama Laraba, in ba zai yiwu ba ku faɗa tun Litinin. Mutum ɗaya in ya ci amana, goma yake rufe wa ƙofa.

Mu dai yanzu mun sake ginawa, mutum uku ne a kai: ɗan Mafara yana gini, 'yar Bakura tana zane, wani ɗan Maradun yana tattaro farashi ranakun kasuwa. Ba sunan manomi ko ɗaya a fili, lambar wakili ɗaya ce kawai. Bai kai na farko ƙyalli ba, amma yana buɗewa a wayar dattijon nan, kuma na koma na nuna masa.

Ga aikin da zan bar muku. In kana Mafara, Bakura ko Maradun kana zane ko gina shafi ko manhaja, ka rubuto mana ta akwatin saƙo: garinku, abin da ka iya, da aiki ɗaya da za a iya buɗewa a gani. Kar ka sa lambar wayarka a fili. In kuma kai mai neman a yi maka ne, ka faɗi me kake so da abin da za ka iya biya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da biyu daga cikinsu mu ji ta bakinsu, har da ƙorafinsu a kanmu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya sa albarka a hannun matasanmu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.