Kyanwar Shago da Abin Gwaji na Gida



Da aka ce yau za mu yi magana a kan kyanwa, mun ga wasu na murmushi. To amma duk mai rumfar goro, ko shagon wake da busasshen kifi a nan Ibadan, ya san kyanwa ma'aikaciya ce. Ran da ta kwanta ciwo, ɓera ya samu gari. Ga shi kuma ɓera ne ke ɗauke da zazzabin Lassa, wanda ya addabi jihohin Ondo da Edo.

Abin da ya kawo maganar shi ne ɗan abin gwajin nan da ake samu wajen masu sayar da magungunan dabbobi. Kamarsa ɗaya da na gwajin maleriya: a ɗiga, a jira kamar minti 10, layi ɗaya babu, layi biyu akwai. In ko layi ɗaya bai fito ba, abin ya lalace, a jefar. Zafi ma yana ɓata shi, don haka kar a aje shi a mota ko ƙarƙashin kwanon rumfa.

Mafi sauƙi shi ne na kashi. Yana gano cutar da ke kama 'ya'yan kyanwa da amai da gudawa, wadda kan kashe su cikin kwana biyu ko uku. Wannan kowa zai iya yi. In layi biyu ya fito, a ware ta daga sauran, a wanke wurin da bilic, a garzaya wajen likitan dabbobi, don ƙarin ruwa take bukata.

Na jini kuwa cuta biyu yake dubawa. Ta farko FeLV, wadda aka gano a Jami'ar Gilasgo a 1964, tana yaɗuwa ta yawu, wajen lasar juna da cin abinci kwano ɗaya. Ta biyu FIV, an gano ta a Kalifoniya ta Amurka a 1986, ita ce ake ce wa ƙanjamau na maguna. Yawanci ta cizo take shiga, shi ya sa ta fi kama muzurun da ke kwana faɗa a kan rufi. Ku saurara da kyau a nan: ba ta kama mutum. Mun ji labarin wanda ya ga layi biyu, ya ji sunan ƙanjamau, ya sa kyanwar a buhu ya kai ta bola. Wallahi asara ya yi. Kyanwa mai FIV takan yi shekaru tana kama ɓeranta lafiya lau.

Kuma gwaji ɗaya ba hukunci ba ne. Ɗan kyanwar da bai kai wata 6 ba yakan nuna layi biyu saboda abin da ya tsotsa a nonon uwa, alhali ba shi da cutar. Wadda aka ciza jiya kuwa za ta nuna babu, sai an sake bayan kwana 60. Ɗibar jinin ma, gaskiya mu ba ma son a yi shi a gida. Kyanwa ba ta san kana taimakon ta ba. Sayi abinka, ka kai wa likita ya ɗiba. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ibadan, ba nisa.

To, ga wadda ta fi damun mu. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma babu abin gwajin gida da zai nuna shi. Sai dabba ta mutu ake duba ƙwaƙwalwarta, irin aikin da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Saboda haka in kyanwa ta ciji yaro ko ta yakushe shi, musamman wadda halinta ya canza, tana dalalar da yawu ko tana afka wa mutane, ba a jiran komai. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Kyanwar a tsare ta kwana 10 ana lura, amma ba a jinkirta allurar yaro don wannan. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Allah Ya kiyaye. Allurar rigakafi ga ita kyanwar, tun tana wata 3, ta fi kowane gwaji arha.

Iyayenmu mata, mai juna biyu kar ta kwashe kashin kyanwa, akwai ƙwayar cuta a ciki mai iya taɓa ɗan tayi. Sannan don Allah kar a ba kyanwa Panadol wai don jikinta da zafi. Zafin jikinta dama ya fi namu, digiri 38 zuwa 39 ne daidai ɗinta, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.