Ranar Da Ake Rufe Shago: Jawabi A Taron Ƙungiyarmu Na Agege

 

An ce in yi magana a kan iyali da ibada a lokacin tashin hankali. To, ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne mai ɗan karatun Islamiyya. Misalin da zan kawo kuwa na Yahudawa ne. Na ga wasu sun ɗaga kai. Ku yi haƙuri, ba siyasar Isra'ila da Falasɗinu na zo yi ba. Gwamnati daban, addini daban.

Bayahude mai riƙo da addininsa, da zarar rana ta faɗi ran Juma'a ya rufe shago, sai taurari sun fito daren Asabar. Wajen awa 25 ke nan. Ba saye ba sayarwa, ba kunna wuta, ba tuƙin mota, ba taɓa waya. Kafin faɗuwar rana uwargida ta gama girki ta kunna kyandir. Maigida ya sa wa 'ya'yansa albarka, a ci abinci tare. Mun ma karanta a Suratul A'arafi abin da ya sami mutanen da suka keta wannan rana saboda kamun kifi.

Su ma fa baƙi ne a garuruwan mutane, kamar mu. An kore su daga Sifen a 1492, da yawa suka koma Maroko da ƙasar Turkawa, da Asabar ɗinsu. A tsibirin Jerba na Tunisiya akwai Yahudawa cikin Musulmi, wasunsu maƙeran zinariya. An kai hari wurin ibadarsu a 2002, aka sake a 2023, amma ba su daina rufe shago ran Asabar ba.

To mu fa? Mun ga 12 ga Yuni na 1993, lokacin da mutane suka yi ta kwasar iyali zuwa Arewa. Mun ga fashewar bama-bamai a barikin soja na Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasari a ruwan Oke-Afa suna gudu. Sati guda bayan nan ga rikicin Idi-Araba. Ran bama-baman nan, Lahadi ce, ina shago. Wallahi aka tambaye ni ina babban ɗana, ban sani ba. Ban san abokansa ba, ban san inda yake zuwa ba. Sai washegari Allah ya dawo mana da shi. Ranar na gane kuɗi nake tarawa, gida yana zubewa.

Ba cewa na yi mu ɗauki Asabar ba. Addininmu ya yarda a koma neman halal bayan an idar da Juma'a. Amma wa ya hana mu rufe shago daga Juma'a zuwa magariba? A ci abinci da yara, a saurari karatunsu, a tambayi uwargida damuwarta, a ajiye waya da labaranta masu tada hankali. A kuma tsai da wurin da iyali za su haɗu in wani abu ya ɓarke.

Wani zai ce kwastoma zai gudu. Alhaji, rabonka ba ya wuce ka. Ɗan da ya lalace a Legas kuwa, ribar shekara goma ba ta gyara shi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.