Akawun Da Ba Ya Jira A Bakin Waya

A yau zan yi magana ne a kan Emacs, watau wata manhajar rubutu da aka ƙago a jami'ar MIT ta Amurka a 1976, wadda Richard Stallman ya sake gina ta, ta fito da sunan GNU Emacs a 1985. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne tana ɗauke da harshen ba da umurni nata na kanta, irin na Lisp, wanda kowa ke iya koya mata sabon aiki da shi. Da haka ne mutane suka koya mata karanta wasiƙu da ɗebo labarai daga kwamfutoci na nesa. To, a nan ne matsala ta ɓullo.

Ku ɗauka Emacs wani akawu ne shi kaɗai a ofis, ba ya iya ayyuka biyu a lokaci guda. Idan ya buga waya zuwa wani gari, sai ya riƙe kan wayar a kunne, ya ƙi sauraron kowa har a amsa. In an amsa nan da nan, ba wanda zai lura. In kuwa kwamfutar can ta mutu, yana iya shafe fiye da minti guda yana jiran gawon shanu, alhali mai rubutu yana danna haruffa, ko ɗaya ba ya fitowa. Wanda ke zaune inda layi ba shi da ƙarfi ya fi kowa sanin wannan takaici.

Abin mamaki, maganin ya daɗe a ajiye. Tun 1983 tsarin Unix na Berkeley ya ba da damar a fara haɗa layi, a tafi wani aiki, a riƙa leƙowa. Amma sai a fitowa ta 22, a 2007, Emacs ta ba masu shirya mata ayyuka wannan dama. Yanzu akan ce wa akawu ya buga kada ya jira, a bar masa ɗan aike guda wanda zai sanar cewa layi ya haɗu ko ya ƙi, da wani mai karɓar saƙo idan ya iso.

Sai dai fa jiran ba ɗaya ba ne, uku ne. Kafin a buga, dole a nemo lambar kwamfutar daga sunanta. Bayan an haɗu kuma, dole ɓangarorin biyu su daidaita kan yadda za su asirta zancensu. Waɗannan biyun sun ci gaba da daskarar da Emacs har fitowa ta 26, a 2018, lokacin da aka raba su da jira, galibi ta aikin Lars Ingebrigtsen, mutumin Norway.

A ganina, inda gizo ke saƙa shi ne nauyin da ya koma kan mai shirya aikin. Da can yana rubuta umurninsa bi da bi: haɗa, aika, karɓa. Yanzu kuwa amsa takan iso guntu-guntu, wani zubin a tsakiyar kalma, shi ne zai tara ta ya gane inda ta ƙare. Kuma 'yan aiken nan ba sa katse akawu. Sai ya ɗaga kai daga aikin da ke gabansa suke samun shiga. Kafin su shiga, wataƙila mai rubutu ya riga ya rufe shafin da aka nufa da amsar.

Akwai kuma mai gaggawa, wanda zai aika saƙo tun layi bai haɗu ba. A ƙi karɓa ne, ko a ajiye masa? Masu Emacs sun zaɓi a tsaya a jira layin ya haɗu tukuna, domin kada ayyukan da aka rubuta tun shekaru su lalace. Saboda haka har yau duk wanda bai saurari ɗan aikensa ba kafin ya aika, zai tarar da akawun nan riƙe da kan waya a kunne.