Jawabi Kan Gulbin Maraɗi: Wa Ke Da Ikon Ruwa da Itace?



Duk wanda ya ratsa Jiratawa da rani zai ga lambunan zogale da albasa kore shar, alhali tudun da ke kewaye ya bushe. Wannan ni'ima ba haka kawai ta faɗo ba. Mutane ne suka yanke shawarwari, ƙasa ta sauya kama.

Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu sun fake a kwarin Gulbin Maraɗi, wajen 1819 suka kafa Maraɗi. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836. Kurmin kwarin shi ne garkuwarsu daga mahayan Sakkwato, don haka ba su yi gaggawar sare shi ba. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a zamanin Turawan Faransa, sai haraji da cinikin gyaɗa suka tura manoma kan tudu, gatari ya shiga daji. A 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka tayar da shi zuwa tudun da yake a yau.

Farin 1973 da na 1984 suka tona asirin wannan sara. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa da yawa, kaɗan suka rayu. Dabarar da ta yi tasiri ita ce wadda Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara yaɗawa a 1983: manomi ya bar kututturen da ya tofo a gonarsa, ya yi masa sassabe, ya raine shi. Ta bazu ne sa'ad da tsoron tarar jami'an gandun daji ya ragu, manomi ya tabbata gawon gonarsa nasa ne. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar.

Sha'anin ruwa kuwa bai bi wannan hanya ba. A farkon shekarun 1980 aka shirya filin noman rani na Jiratawa, sama da hekta 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da lantarki. Gulbin da ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasar nan daga yankin Katsina yake fitowa, kuma Nijeriya ta datse shi da madatsar Jibiya. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tanadi raba ruwan bisa adalci, amma makullin madatsar yana tsallaken iyaka. Lantarkin Maraɗi ma ta layin Katsina yake shigowa, kuma a 2023 an ga yadda rikicin siyasa ya katse shi.

Saboda haka batun gulbi batun siyasa ne. Ɗan kasuwar da ke lodin zogale da ma'aikacin da ke cefane da albashinsa duk suna da haƙƙin tambayar mahukunta: ruwa nawa ake saki daga Jibiya kowace shekara, kuma yaushe? Wa ke auna zurfin rijiyoyin Jiratawa, ina ake buga sakamakon? Itace ya dawo da aka ba manomi iko a kansa. Ya kamata ƙungiyoyin manoman Jiratawa su sami kujera a duk inda ake maganar ruwan da suke noma da shi.