Direba da Na'ura: Wa Ya Fi Iya Sauya Layi a Babbar Hanya?



Dattawan Dutsin-Ma da Kurfi ba su manta da ranar 2 ga Afrilu, 1972 ba, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Ƙasa ɗungurungum ce ta sauya layi a yini guda, aka kuwa yi nasara domin kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. A kan wannan sani nake so in ɗora maganata.

Direban da zai sauya layi aiki biyu ne a gabansa. Na farko awo: nawa ne tazarar, kuma da wane gudu na baya yake tafe? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya waiwaya na daƙiƙa biyu, ya tafi mita 56 bai ga gabansa ba. A nan motar da ke tuƙa kanta ta yi mana zarra. Kyamarorinta da na'urorinta na auna nisa suna duban gaba da baya da gefe a lokaci guda, har wurin da madubi ba ya nunawa. Ba ta gyangyaɗi, ba ta fushi, ba ta amsa waya.

Aiki na biyu shi ne fahimtar nufin wani. Ran 14 ga Fabrairu, 2016, a garin Mountain View na Amurka, wata motar kamfanin Google ta tarar da buhunan yashi a layinta, ta nemi komawa tsakiyar titi. Ta ga bas ɗin da ke tafe sarai, amma ta ɗauka zai dakata mata. Bai dakata ba, ta goge shi. Ba wanda ya ji rauni, kuma kamfanin ya amince da nasa rabon laifin. Idonta bai gaza ba, zato ne ya ci ta. Ko da yake tun 2020 motocin Waymo ke ɗaukar fasinja ba direba a birnin Phoenix, wannan darasi yana nan daram.

Mu dawo gida. A hanyar Kurfi, wanda zai wuce babbar mota sai ya shiga hannun masu tahowa. Direban gaba ya miƙo hannu ya ce wuce, ko a gargaɗe ka da fitila. Ga mai babur, ga shanu, ga fentin layi ya goge. Direbanmu ya fi na'ura jin wannan yare, amma shi ma zaton ne ke halaka shi: ya ga mota tafe, ya ce ai za ta rage gudu. Hausawa kuwa sun ce zato zunubi ne.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, gobe a cikinku za a sami injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Ku shata layi a tituna, ku riƙa sabunta fentinsa, domin mutum da na'ura duk da shi suke dogara. In kun hau sitiyari kuma, ku duba madubi, ku ba da sigina, kada ku fita sai kun tabbata an ba ku hanya.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.