Yaro Na Kwance A Asibiti, Kada Karatunsa Ya Kwanta



Maganata a yau a kan yaranmu ne da ciwo yake kwantarwa a asibiti. Mun saba kai kunu da sabulu, mu yi addu'a mu dawo, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma wa yake tuna jakar makarantar yaron?

Yaran wannan yanki sun riga sun yi asarar karatu mai yawa. A 2021 an sace 'yan mata a makarantar Jangebe ta Talata Mafara a Fabrairu, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agusta, aka sace ɗalibai a Kaya ta Maradun a Satumba, har gwamnati ta rufe makarantu. Idan jinya ta zo ta ƙara a kan wannan, giɓin ya yi faɗi.

Mai ciwon sikila yana shiga asibiti yana fita. Wanda ya karye, ko aka tura shi Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, yakan yi makonni. Wata ɗaya a gado ya kusan kashi ɗaya bisa uku na zangon karatu. Yaron ya koma aji ya tarar an wuce shi, kunya ta kama shi, daga nan sai ya fara ƙin zuwa.

Ga abin da nake roƙo. Ranar da aka kwantar da yaro, dattijo ɗaya ya je wurin shugaban makarantarsa ya sanar, ya karɓo darussan mako. Malaman makarantar Lahadi da matasan da suka gama sakandare su raba ranaku. Minti 20 na karatu da lissafi ya isa, bayan an nemi izinin nas. In akwai zazzaɓi, a bar shi ya huta. Idan jinyar a nesa take, a sanar da ikkilisiyar garin. Littafin rubutu da fensir kuwa, a saya daga baiko.

Yaron da ke gadon kusa, ko ba namu ba ne, in iyayensa sun yarda a koya masa tare. Karatu muka je yi, kada a sa wa'azi a ciki, domin mu riƙe amanar maƙwabtanmu.

Dattawa, kafin Lahadi mai zuwa kowace majami'a ta fitar da mutum biyu don wannan aiki. Ubangiji ya taimake mu. Amin.